Abin da Na Share Daga Kan Tebur

Litinin, 5 ga Mayu

Kamfanin zanen gine-gine sun kira Auta. Gwaji suka ba ta: ta zana gida mai hawa biyu a kwamfuta, ta miƙa Litinin mai zuwa, in ya yi musu su ɗauke ta aiki. Ita kuwa kwamfutarmu ta tebur ta tsufa, da an buɗe manhajar zanen sai ta sandare. Na ce mata gidan da take kwana a ciki da fensir da rula aka zana shi. Ta ce, "To, Umma." Na san irin wannan "to" ɗin.

Talata, 6 ga Mayu

Ta sayo sabon furosesa. Ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun jariri ba, wai shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ta ce ta bincika, gurbinsa ɗaya da na tsohon, zai zauna daram a kan babban allon ciki, wanda suke ce wa bod. A kan teburin cin abinci ta farke cikin kwamfutar. Tun yarana suna ƙanana dokata guda ce: duk abin da ya kwana a teburin nan ya zama shara. Na tuna mata.

Laraba, 7 ga Mayu

Ta kai kwamfutar ɗaki, ta bar mini tarkace. Kwali, auduga, da wani abu a naɗe cikin takarda. Na buɗe, tsohon furosesan ne. Ba zan ce ban gani ba. Na haɗa duka na zuba, masu kwasar shara suka tafi da su da hantsi. Mace mai neman aikin ofis ta fara koyon kwashe kayanta.

Da yamma kwamfutar ta ƙi tashi. Fanka na juyawa, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ta kai wa mai gyara. Yadda na fahimta: zama a gurbi daban, karɓa daban. Bod ɗin ya girmi sabon furosesan, bai san shi ba. Akwai 'yar manhaja a jikin bod ɗin da za a sabunta kafin ya gane shi, kuma ba ta sabuntuwa sai kwamfutar tana kunne, ba ta kuma kunnuwa sai da tsohon. A mayar da shi na ɗan lokaci kawai, shi ke nan. Shi mai gyaran ba shi da irinsa. In kuwa bod za a sauya, sai an sauya wasu kayan tare da shi, ba za su iso kafin Litinin ba.

Ta tsaya a ƙofar kicin. "Umma, ba ki ga wata takarda a naɗe ba?" Na ce ta san doka. Ta juya ta koma ɗaki.

Babansu ya ce, "Alƙaliya, wannan karon hukuncin ya fi laifin nauyi." Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce, "Iccen nan naki fa ya gama jami'a."

Juma'a, 9 ga Mayu

Na leƙa, tana zanen a takarda da fensir da rula, don kada ta zauna haka. Abin da na faɗa mata ke nan ran Litinin. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Na fita sayen zare. Hanyar ta bi ta layin masu gyaran kwamfuta, sai na tsaya wajen nata mai gyaran. Ya rubuta mini lambar tsohon a tafin hannu da biro, ya ce in bi shagunan ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina warin darma, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Wani mai zaƙin baki ya miƙo mini wani daban, wai "Mama, ai duk ɗaya ne." Na ce in duk ɗaya ne me ya fito da ni cikin ranar nan? Na buɗe masa tafin hannuna, ya mayar da kayansa aljihu. 'Yan kasuwar yanzu ba tsoron Allah.

A ƙarshen layi wani dattijo ya kalli hannuna, ya shiga ciki ya kwance wata kwamfuta mai ƙura, ya ciro irinsa. Ya ce aro ne, in an gama a dawo masa da shi. Ya tambaya ina namu ya tafi. Na ce ya ɓata.

Na miƙa wa Auta a cikin hankici. Ta ce, "Umma, ke kika je?" Na ce zare na je saya. Zaren ma na manta shi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ta sa na aron, fuskar ta kawo haske. Ta ce yayin sabuntawar in wuta ta yanke bod ɗin na iya mutuwa gaba ɗaya. Na ja kujera na zauna kusa da soket. Babansu ya zo da dutsen guga, na ce ya sa rigar a yamutse, ba wanda zai mutu. Da aka gama ta cire na aron ta sa sabon. Kwamfutar ta tashi. Auta ta buɗe manhajar zanen, ba ta sandare ba. Tun da ta riga ta gama tsarin a takarda, ɗorawa kawai ta yi ta yi. Na kai mata abinci ɗaki, abin da ba na yi.

Litinin, 12 ga Mayu

Ta miƙa zanen da rana. Sun ce ta zo Laraba su gana.

Da safe ta fita a gurguje, ta bar sukundireba da furosesan dattijo a kan teburin cin abinci, inda suka kwana tun jiya. Doka tana nan yadda take. Amma wannan kayan mutane ne, amana ce. Na kife musu kwano don ƙura, muka matsa gefe guda muka ci abinci. Babansu ya kalli kwanon, ya buɗe baki zai yi magana. Na kalle shi. Ya sa loma.