Ya Mayar da Hannuna Allon Koyarwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mutumin da na koya wa aiki ya ɗauki fasahata ya ci muƙami da ita, kuma yanzu hannuna da inji ya gutsure shi yake nuna wa mutane duk ranar Litinin, kamar hoton da ake mannawa a bangon asibiti.

Ni mutumin Mainika ne, shekarata arba'in da tara, ina aiki a wani injin casar shinkafa tsakanin Gwarzo da Kabo, ba zan faɗi na waye ba. Shekara bakwai da suka wuce bel ɗin babban inji ya kama hannun rigata ya ja ni, ya tafi da yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Lokacin babu wani abu wai shi inshora. Alhaji mai wurin ya biya asibiti, ya aiko buhun shinkafa gida, aka ce in yi haƙuri ƙaddara ce, na yi. Har yau in na zauna tahiya babu yatsan da zan ɗaga, tuwo ma sai da na sake koyon ci kamar ɗan yaye.

Da na koma aiki ban iya kallon bel ɗin nan a buɗe ba. Na samo tsohon duro na kai wa mai walda a Gwarzo, na zana masa a ƙasa da tsinke yadda nake so, ya yanka ya haɗa murfi, na ɗaura a kan bel ɗin. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ce min sannu. Wasu ma dariya suke wai na ɗinka wa inji hula.

Shekara biyu baya Alhaji ya samu wata kwangila, aka ce dole ma'aikatansa su kasance da inshora. Wata mata ta zo daga kamfanin inshorar ta zaga ko'ina. Ta ce su ba zama za su yi sai mutum ya rasa hannu su biya diyya ba, dole kowane bel a rufe shi, ban da riga mai dogon hannu kusa da inji, duk wanda ya ji rauni komai ƙanƙantarsa a rubuta a littafi, kuma a ware mutum ɗaya ya kula da wannan. In hatsari ya ragu, abin da Alhaji ke biyan su duk shekara ya sauka, in ya ƙaru ya hau. Da ta iso kan murfina ta tsaya ta ƙwanƙwasa shi, ta tambaya da Turanci wa ya yi wannan. Ina tsaye a wurin, na gane tambayar, amma ni a aji biyar na firamare na tsaya, kafin in haɗa amsa a kaina wannan mutumin da na koya wa aiki ya riga ni. Zan kira shi Ɗan Gude, don daga can ya fito. Ya zuba mata Turanci yana nuna ƙirjinsa, ita kuma tana rubutawa.

Shi ke nan aka naɗa shi. Aka tura shi bita Kano, ya dawo da riga mai ƙyalli da hular kwano da usur, ga alawus, ana kiransa Oga Sefti, wato mai kula da kare ma'aikata daga hatsari. Mutumin da ni na nuna masa inda ake kashe injin. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk safiyar da na ga rigar nan sai in kau da kai. Matata ta ce hassada ce, na ce ta kira shi duk abin da ta ga dama. Kuma abin haushin, tsarin yana aiki, tun da aka fara ba wanda ya sake rasa gaɓa. Sai in zauna ina tunanin me ya hana su zuwa tun yatsuna suna nan.

Duk Litinin Ɗan Gude yana tara mu a bakin sito ya yi lacca, a ƙarshe ya ce Baba ɗaga musu hannu su gani. Ni kuma in ɗaga. Ya ce to kun ga sakamakon ganganci. Ganganci fa. Bai taɓa cewa ga wanda ya ƙera murfin ba, sai dai ga wanda ya yi ganganci.

Ya kafa wani allo a bakin ƙofa, kullum yana ƙara kwana ɗaya da alli, wai kwanakin da aka yi ba hatsari. Alhaji yana son allon nan kamar ɗansa, kowane baƙo sai an kai shi ya gani. To bayan girbin bana aiki ya yi yawa, bel yana yawan zamewa, cire murfi da mayarwa yana cin lokaci, sai Ɗan Gude da kansa ya ce a ajiye shi gefe tukuna. Na yi magana, ya ce Baba ka bar mana wannan, mu aka koya wa. Kwana huɗu tsakani bel ya doki babban yatsan wani abokin aikinmu, zan ce masa Malam Sale, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ɗan Gude ya goya shi a mashin zuwa kemis a Kabo aka ɗaure, ya roƙe shi ya ce sarƙar mashin ce ta kama shi a gida, don kada a goge allo. Aka mayar da murfi kamar ba a yi ba.

Yau kwana tara. Yatsan ya kumbura ya fara canza launi, na san wannan launin, na gan shi a jikina. Malam Sale ba shi da halin babban asibiti, inshora kuma ba za ta san da shi ba tunda ba a rubuta ba. Ranar Alhamis matar za ta zo duba littafi.

In na faɗa mata, za a kai shi asibiti, amma kuɗin da Alhaji ke biyan inshora zai hau, kuma na san ba zai yafe min ba, wa zai ɗauki mai yatsu takwas aiki a shekaruna? In na yi shiru ina kallo mutum zai rasa yatsa. Abin da ya fi damuna kuma, in na tuna za a cire wa Ɗan Gude rigar nan sai in ji wani sanyi a zuciyata, har na rasa gane don Malam Sale zan yi ko don kaina. Malaman cikinku ku gaya min, gaskiyar da ƙyashi ya turo ta, gaskiya ce ko zunubi? In je wurin matar, ko in fara samun Alhaji, ko in kama bakina?

Don ku san inda aka tsaya, jiya bayan la'asar na tare shi a gaban allon, ba kowa sai mu biyu. Na ce masa murfin da ka ci riga da shi ni na zana shi a ƙasa da yatsu uku, na bar maka. Amma Litinin kada ka kira ni, ka kira Sale ya kwance tsummansa ya ɗaga nasa. In kuma Alhamis ta zo ba ka rubuta shi a littafi ba, zan ɗaga hannuna a gaban matar nan, kuma wannan karon ni zan yi bayanin, da Hausa.