Rahoton da Na Rufe da Sunan Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Ni ce na rufe rahoton matar nan, ba Yaya ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a nan ma sai yau.

Na rubuta, na zauna ina kallon layin ko zan ji wani abu. Ban ji komai ba. Biron ma ya kusa ƙarewa.

Yaya tana aikin sa-kai a wata manhajar waya mai tuna wa mutane lokacin shan magani. Kyauta ce, ba ta wani kamfani ba, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Masu amfani da ita suna turo rahoton matsala, sai wani ya karanta ya sa wa kowanne launi: ja a gyara yanzu, rawaya ya ɗan jira, kore sai an samu sarari. Da na gama jarrabawa na zauna gida, Yaya ta ce in dinga sa mata launin a kwamfutarta, da sunanta, in ta tafi wurin aiki. Ni ma haka ya fi min, ba wanda zai san da ni. Sharaɗinta ɗaya: ban da rufewa. Rufe rahoto nata ne, ranar Asabar.

Laraba, 5 ga Maris

Akwai wani mai turo rahoto, hoton tsuntsu ne a gefen sunansa. Mai Tsuntsu nake ce masa a raina. Shi kaɗai ke rubutu da waƙafi da aya. Na farko na yi kaza, na biyu kaza ya faru, na gode da lokacinku. Na ba shi tsayi, na sa masa tabarau, na ba shi uwa mai tsanani wadda daga baya za ta so ni, kamar a littattafan da ke ƙarƙashin katifata. Ban san shekarunsa ba. Ban ma tabbatar namiji ne ba.

Rahotonsa cewa ƙarar tunatarwar ta yi ƙasa, ba a ji sosai. Kore ne, kowa ya san kore ne. Amma ƙa'idar aikin, in rahoto uku suka taru kan abu guda sai ya hau rawaya. Nasa biyu ne.

Sai na matar ya shigo. Ba aya ko ɗaya: waya bata kara mama bata sha magani na canja lokaci daga bakwai zuwa takwas shikenan shiru.

Wata Asabar ce a watan jiya, Yaya na ta rufe-rufenta, aka kira ta a waya ta fita baranda. Na zauna a kujerarta, da sauran ɗuminta. Na danna "maimaici ne", na haɗa shi da na Mai Tsuntsu, na rufe. Suka zama uku, ya hau rawaya. Na koma gado na buɗe littafi.

Na karanta rahoton kuwa. Wannan ne ba na son rubutawa. Na ga kalmar "shiru" da idona.

Alhamis, 6 ga Maris

Wanki. Na shanya, na manta ban kwashe ba.

Asabar, 8 ga Maris

Kwana goma ke nan da matar ta dawo shafin rahotonta. Ta ce da ta ga an rufe rahotonta sai ta ɗauka an gyara, ta yi tafiya ta bar wa mahaifiyarta wayar. Tsohuwar hawan jini gare ta. Kwana shida ba ta sha na safe ba. Yanzu tana asibiti, bakinta ya karkace gefe guda. Matar ba ta zagi kowa ba, tambaya kawai ta yi, wai me "rufe" yake nufi a wurinmu.

Kawu, dattijon da ya fara manhajar (kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi), ya gwada ya ga gaskiya ne: in ka canja lokacin tunatarwa, ƙarar tana mutuwa gaba ɗaya. Gyaran bai ci masa yini ɗaya ba.

Yaya ta rubuta a gaban kowa cewa ita ta rufe, ba ta karanta da kyau ba. Ta yarda da hakan har zuciyarta, don rahoto arba'in da ɗaya ta rufe a ranar. Ta mayar wa Kawu izinin rufewa tun kafin ya nema. A watan nan ne da za a sa ta cikin masu riƙe da aikin. Shekara uku tana jira.

Lahadi, 9 ga Maris

Abba ya leƙo ɗakinmu ya ce ina ma'aikatan gidan, yau ba a jin ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta. Ba wanda ya yi dariya. Ya tsaya kaɗan, ya gyara labulen da bai karkace ba, ya fita.

Na fara sabon littafi. Jarumin ya zo har ƙofar gida cikin ruwan sama. Na kai shafi na sittin ban san sunan yarinyar ba.

Talata, 11 ga Maris

Yaya ta buɗe duk rahoton da ta taɓa rufewa tun farkonta tana sake karantawa. Sun fi dubu. Tana dawowa daga aiki ko takalmi ba ta cirewa. Umma ta kawo mata abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye, tana faɗan wai a gidan nan an koma cin haruffa.

Ina tsefe mata kai tana karantawa. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Auta, da ke ce da ba ki yi wannan ba. Ke komai sai kin karanta har ƙarshe, har bayan kwalin man goge baki."

Na ce uhm. Na ci gaba da tsifa. Wai me ke damuna ne?

Alhamis, 13 ga Maris

Na koma rahoton Mai Tsuntsu. Ashe tun ranar da na haɗa ya rubuta a ƙasa cewa yana ganin matsalar baiwar Allah nan daban ce da tasa, a sake dubawa, ya gode. Na gani a lokacin. Na tuna sarai. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ya yi min magana. Har na kwafe "na gode" ɗin a bayan littafin lissafina.

Yau na duba hoton da kyau. Tattabara ce kawai.

Litinin, 17 ga Maris

An sallami tsohuwar. Matar ta ce tana iya riƙe kofi da hannun hagu, maganar ce dai da saura. Yaya ta karanta, ta shiga banɗaki ta daɗe, famfo na zuba.

Na sa wa rahoto goma sha biyu launi a takarda, don tun da abin ya faru Yaya ta daina ba ni aikin, ba ni da inda zan sa. Ja biyu.

Alhamis, 20 ga Maris

Yaya ta rubuta saƙon barin aikin gaba ɗaya. Ta karanta min, wai in duba mata ko akwai kuskure. Ranar Asabar da azahar, bayan taronsu na waya, za ta tura wa Kawu. Ta ce wanda bai iya karanta layi biyu ba bai kamata a bar shi kusa da maganin mutane ba.

Na gyara mata waƙafi ɗaya.

Juma'a, 21 ga Maris

Na rubuta mata wasiƙa, tunda baki ya ƙi. Ta farko shafi huɗu, da hawaye da zuciya mai tafasa, duk na aro daga littafi. Ba ni ba ce. Na yaga.

Ta biyu na yi ta yadda ake rubuta rahoto. Abin da na yi, ɗaya, biyu, uku. Abin da ya kamata ya faru. Abin da ya faru. Wurin dalili na daɗe. Na so in sa "kuskure". Na rubuta Mai Tsuntsu, da tabarau ɗin da komai.

Za ta iya daina yi min magana. Za ta faɗa wa Kawu ta ba ni kwamfutarta, wannan ma laifi ne a kanta. Ban san ko zai gyara wani abu ba. Tsohuwar dai ba zai mayar mata da baki ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Yaya na falo, na ji ta tana gaisawa da su Kawu, muryarta ƙasa-ƙasa. Wasiƙar na cikin aljihun rigata, ta yi laushi don taɓawa.

Rubutun nan ya karkace, biron ne ba shi da kyau.

Na ce zan tura ta ƙarƙashin ƙofa in tafi gidan Gwaggo. A'a. A hannu zan ba ta, in tsaya a wurin har ta kai ƙarshe.

Sun fara sallama.