Ruwan da Na Kawo da Fuskar Jikata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu, manya da yara, har da waɗanda ba sa zuwa sai don su ga wanda ya kwafsa su yi dariya. Ina roƙon a ɓoye sunana da na garinmu. Kuma kafin ku wahalar da yatsunku, na riga ku faɗa: wawa ɗaya ne a labarin nan, ni ne shi, da furfurata da komai. Wanda ya taho da zagi ya ajiye kayansa, na yi wa kaina wanda ya isa. Shawara nake nema. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, a aji huɗu na firamare muka yi sallama da boko, kuma da yatsa ɗaya nake dannawa.

Ni manomi ne a wani ƙauye a yankin Ɗanbatta, na haura saba'in. A gida akwai ni da tsohuwata, da ɗana na fari da iyalinsa. Shi tela ne a Kano, ranar Juma'a yake zuwa, ya koma Lahadi. Babbar 'yarsa, bari in kira ta Ummi, tana aji biyar a sakandaren 'yan mata, saura mata shekara guda. Ita ce abokiyar wasana. Ni in ce mata amarya, ita ta ce ba ta auren mai haƙora uku. Haka muke tun tana rarrafe.

Farkon daminar bana rijiyar gidanmu ta rufta. Aka yi sa'a ba kowa kusa. Yaron ya ce a bari sai kaka a haƙa wata, kafin nan zai sa a riƙa kawo ruwa daga burtsatsen bakin masallacin Juma'a. Na ce wa zai kawo, ni na mutu ne? Ina da amalanke, ina da shanu biyu, ina da jarkoki goma sha biyu. Na karɓi aikin da kaina, kuma kwana tara na yi shi lafiya lau. A rana ta goma mai riƙe da makullin burtsatsen, sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, ya dube ni a gaban mata da yara ya ce masu amalanke sai masu bokiti sun gama, ko hakimi ne ya zo sai ya bi layi. Ni kuwa me zan ji ba wannan ba? Na faɗa masa abin da ya zo bakina, ya faɗa mini abin da ya zo nasa, na rantse da Allah ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. Na juya shanuna da jarkoki babu ko ɗigo, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Sai a hanya na tuna gida na jiran ruwa.

Bayan gonakinmu akwai wani kududdufi inda ake haƙar ƙasar gini. Da damina cika yake yi maƙil. Shanu na sha, ana wanke babura, masu feshin wake da ciyawa a nan suke ɗauraye famfunansu, ruwan bayan gari kuma duk nan yake gangarowa. Duk na san wannan, ba zan ce ban sani ba. Amma sai ilimin aji huɗu ya motsa. Na tuna da alif, farin dutsen nan da ake jefawa a ruwa laka ta kwanta. Na sayo ƙulli guda a kasuwa, na riƙa sammako bayan asuba, lokacin ba mai ganina sai makiyaya, su kuma sun ɗauka na gini ne. In cika jarkoki, in tsaya a gindin wata ɗorawa in jefa alif, in jira, in tsiyaye na sama. Ku zo ku ga ruwa, garau kamar hawaye. Har yaba wa kaina nake yi, ina cewa da an bar ni na yi karatu da yanzu ni ke raba wa Kano ruwa. Ruwan sha dai na ji tsoron Allah, jarka biyu nake roƙa a rijiyar wani abokina a hanya. Sauran goman, na wanka da wanki da wanke-wanke, daga kududdufi suke. A gida na ce na koma burtsatsen ƙauyen gaba, nasu ya fi daɗi. Wa zai ƙaryata tsoho?

Ba a yi sati uku ba gida ya ɗauki susa. Ƙananan yara na susa, surukata na susa, tsohuwa na goga bayanta a jikin garu. Ni ma ina yi, amma a cikin babbar riga. Na yanke hukunci cewa zafi ne da sauro. Sai dai Ummi abin ya fi kamawa. Da ma tana da 'yan kurajen nan na 'yan mata, biyu uku a goshi, waɗanda ba mai kula su. Sai suka tashi gaba ɗaya, kumatu, haɓa, har wuya, wasu da ruwa, wasu su fashe su bar baƙin tabo, fatar kuma ta bushe tana saɓa. Ita kuma yarinya ce mai tsafta, da ta ga haka sai ta ƙara wanke fuska, sau biyar, sau shida a rana, da ruwan nan nawa. Ina zaune ina kallonta tana kamfata tana watsawa. Ko sau ɗaya zuciyata ta ce mini wani abu? Ta ce. Na ce mata ta yi shiru, ruwan da ya yi fari haka ba ya cuta.

Ga inda na ƙarasa ɓata lamarin. An yi suna a gidan ƙanena, mata cike da tsakar gida, Ummi ta zo wucewa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Bakin nan nawa da ba ya zama lafiya ya buɗe da kansa. Na ce, "Amarya, ki gaya wa saurayin nan naki man bilicin da yake saya miki bai karɓe ki ba, ki dawo wa mijinki na gida." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta rama ba, kuma ranar ce ta farko da ba ta rama ba. Wallahi wasa nake, babu saurayi, babu mai, daga kaina na ƙago. Amma kun san maganar gidan suna. Kafin Juma'a ta zagayo ta daina zama wasan kaka da jika, ta koma "ai kakanta ma da bakinsa ya faɗa".

Uban ya dawo ya tarar da zancen tun daga tasha. Ya zazzage akwatinta, ya sami wani ɗan kwalba mara rubutu, maganin kuraje ne da wata ƙawarta ta sammata. Ummi ta rantse, ta yi kuka, uwarta ta rantse. Ya ce ba man ne ya fi damunsa ba, wanda yake saya mata shi yake son sani, domin duk namijin da zai saya wa yarinya abin canza fata a ɓoye ba don Allah yake yi ba, kuma a hanyar makaranta take haɗuwa da shi, in ba can ba ina take zuwa? Ina zaure ina jin komai. Na tashi in shiga in ce wasa ne, na shiga kuwa na faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani ina rufa mata asiri ne don ina sonta. Kun ji fa. Ƙaryata an yarda da ita, gaskiyata an ce kara ce.

Da aka yi hutu ya tura ta Ɗanbatta wurin gwaggonta sati biyu, gidan da ke da burtsatse a ciki. Ta dawo fuska ta lafa, ƙaiƙayi ya tafi. Kwana shida a gidanmu, abu ya dawo sabo. Uban ya ce shi ke nan an kama ta, a can ba ta da hanyar samun man, ta dawo ta ci gaba. Ni kuwa na san abin da babu a Ɗanbatta, kuma ba mai ba ne.

Na saci jiki na tafi ƙaramin asibitin gari na gaba. Na ce wa malamin asibitin wani abokina ne, wani sakarai, yake yin kaza da kaza. Ya saurare ni har ƙarshe yana kallon hannuna da ke susa. Ya ce kurajen fuska a shekarun yarinya abu ne da aka saba, ba ruwa ne ke ƙirƙirarsu ba, amma ruwa mai ƙazanta yana hura su, ya sa waɗanda suka fashe su ɗauki ƙwayar cuta, ya kawo ƙaiƙayi da wasu kurajen daban. Ya ce alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe abin da ido ba ya gani, ba ya cire maganin feshi, kuma in ya yi yawa shi kansa busar da fata yake yi. Ya ce a kawo yarinyar a duba ta, a kuma daina ruwan yau ba gobe ba. Da zan fita ya miƙo mini wani magani ya ce in kai wa abokin nawa, ya shafa a hannun da yake susa.

Washegari na ɗaura wa shanu amalanke na nufi burtsatsen da na rantse a kansa. Na bi layi a bayan wata yarinya mai tulu. Mai makulli ya dube ni ya tambaya ko an janye rantsuwar ne ko ƙafar aka canza. Na jira har layi ya zo kaina. Na yi kaffara, na wanke jarkokin nan da omo sau uku, na zuba sauran alif a masai. Na ce to, Allah ya rufa asiri, an wuce wurin, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ashe ban wuce ko'ina ba. Sati uku ke nan, susa ta bar gidan, fuskar Ummi na warkewa, saura tabo. Kun san abin da uban ya ce? Ya ce ga shi nan, da ya tsare ta a gida ta rasa mai ba ta, fuska ta dawo, wace shaida kuma ake nema? Na ɓata ruwa an ce ita ce, na gyara ruwa an ce ita ce. Juma'ar da ta wuce ya tara mu ya yanke magana: Litinin mai zuwa ake komawa makaranta, in ya dawo wannan Juma'ar ba ta faɗi sunan mutumin ba, ta gama boko ke nan, ta zauna ta taya uwarta aiki. Ni na haife shi, na san in ya faɗa ya faɗa. Wane suna za ta faɗa? Ta ƙago wani ta ɓata ɗan mutane? Yarinyar da ke cewa ita ungozoma za ta zama a asibiti, littattafanta na nan a jere a kan taga ta lulluɓe su da ɗankwali kada ƙura ta hau.

Shekaranjiya ta kawo mini fura a zaure. Na ce bari in gwada ko za ta yi dariya, na ce amarya yau an tuna da miji ke nan. Ta ajiye kwanon ta durƙusa.

"Baba Tsoho, kai ma ka yarda na yi?"

Na ce a'a, ni ban yarda ba.

"To ka roƙar mini shi. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Da za ta tashi har addu'a ta yi mini, wai Allah ya saka mini, duk tsufana ni nake wahalar kawo musu ruwa. Furar nan kaji ne suka shanye ta.

Za ku ce mene ne abin wahala, ka buɗe baki kawai. Ni ma haka zan ce da labarin wani ne. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, maganarmu ba ta wuce ta taki da iri. Yaya zan zaunar da shi in ce wata biyu da rabi ina sa matarsa da 'ya'yansa wanka da ruwan da ake ɗauraye famfon feshi a ciki, saboda an ce in bi layi? Surukata da ke durƙusa mini har ƙasa da wane ido za ta dube ni? Garin da ya ɗauki wasana ya mai da shi gaskiya, me zai yi da gaskiyar kanta? Sai sunan kududdufin ya koma nawa har jikokin jikoki. Kuma abin da ya fi tsorata ni, in na faɗa ya sake cewa rufa mata asiri nake yi fa? In kai shi wurin malamin asibitin ne? In ja shi har gindin ɗorawar in nuna masa inda nake zubar da lakar? Ko in fara da yarinyar, in nemi gafararta, in ta ga dama ta daina kirana Baba Tsoho? Kwana biyu suka rage Juma'a. Don Allah jama'a, me zan yi?

Ku nake tambaya domin na gwada tambayar na kusa. Ɗazu bayan azahar na tarar da tsohuwa ita kaɗai tana tsince wake a faifai, na zauna na kwashe komai na gaya mata, tun daga layi har asibiti. Ba ta ɗago ba, ba ta daina tsintar ba. Da na gama na ce ta taya ni nemo dabarar da za a wanke yarinyar ba tare da girmana ya zube a gaban yaron ba, domin ni gaskiya nauyin maganar ya fi ƙarfin bakina. Sai ta ajiye faifan ta dube ni.

"Malam, yarinya ta ɗauki laifinka a fuskarta wata uku tana yawo da shi a gari. Kai a baki ma ba za ka iya ɗaukarsa daga zaure zuwa ɗakin ɗanka ba?"