Awarwaron Binta

Daren Laraba, watan Safar

Bayan La'asar na kutsa lungun 'yan Sin a nan Makka neman tsaraba, wai ko bana zan koma gida. Ga cunkoso, ga ƙamshin shayi, siliki rataye ko'ina. Na tsaya wurin wani tsoho mai awarwaro, na ce na 'yata Binta nake so.

Ya ce, "Ya Hajji, yaya kaurin hannunta?"

Na haɗa yatsu biyu na nuna masa. Ya yi murmushi ya ce, "Masha Allah, 'yar yaye ce."

Ana yaye ta na baro Kano, yau shekara goma sha tara. Ko tana raye ma ban sani ba.

Ƙaramin dai na karɓo. Wannan awon kaɗai na sani.