Ragamar Sanata

Dumaguete, 6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Minda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya aiki a Hong Kong, yaya kuma ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake. Gwiwar ta warke, ɗinki huɗu ne aka yi, ba goma sha biyun da gwaggonki Pilar ta faɗa miki ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin ce in karena Sanata ya sake kayar da ni kafin ki zo Kirsimeti, kawunki Rustico zai kai shi gonarsa. Na san gonar. Na san mangwaron da ake ɗaure karnuka a gindinsa da sarƙa, ba a kwance su sai sun mutu. Sanata ba zai je can ba.

Laifin ba nasa ba ne, na ɗamarar ƙirjin da kika aiko masa ne, mai zobe a gadon baya. Na gode da ita, amma ta jan kaya ce. Kafin a ɗauke ni zuwa jami'a a Manila, in dawo in ɓata shekara talatin da huɗu ina koyar da kimiyya ga yaran da yanzu ba sa gaishe ni, ni ɗan gonar shinkafa ne. Ɓaunar noma a kafaɗa ake ɗora mata garma, don can ƙarfinta yake. In ana so ta juya, hancinta ake kamawa. Ni kuwa na ɗaure kare mai kilo talatin a ƙirji, na tsaya a bayansa. Ashe ni ne garmar.

Na sa an kawo mini ragamar kare, wadda ke zagaya hanci ta ɗaure a bayan kunnuwa. Inda kai ya juya, nan jiki zai bi. Ki ba ni mako biyu.

Ki gaishe da abokan aikinki.

Mahaifinki,
Anacleto

Dumaguete, 29 ga Oktoba

'Yata Minda,

Bayan gaisuwa, ina fata kina cin abinci a kan lokaci. Kin ji shiru, to ga dalili.

Lissafina daidai ne, hannuna ne ya yi kuskure. Ranar farko na tura masa ragamar da ƙarfi. Muna fita ya kwanta a titi yana birgima, yana ƙwaƙular hancinsa. Sai na fizgi igiyar kamar yadda kakanki yake fizgar ɓauna. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, kwana biyu bai iya juya wuyansa ba.

Na kai shi wajen likitar dabbobi, wata Dakta Abellana, wadda ko shekarunki ba ta kai ba. Ta saurari bayanina a kan ɓauna har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ɓaunar taku kilo nawa ce? To wannan wuyan ka ga ya yi kama da nata?" Na ce mata tun ba a haife ta ba nake koyar da yadda ƙarfi ke aiki. Ta ce, "Madalla. Shi dai Sanata bai zauna a ajinka ba."

Ba a fizga, in ji ta, ko sau ɗaya. Ba a sa doguwar igiya, don kada ya kwasa da gudu ta tsayar da shi farat ɗaya. Ta riƙe gutsuren busasshen kifi a bayan madaukin, ya cusa hancinsa da kansa, ta cire nan take. Haka muke yi yanzu a tsakar gida, safe da yamma, minti biyar-biyar. A kan hanya in igiya ta miƙe sai in tsaya cak, in ya sassauta mu ci gaba. Jiya daga ƙofa zuwa coci mun tsaya sau ashirin da uku. Yau sau tara.

Ban yi mata godiya ba a ranar. Na dai aika mata ayaba daga baya.

Naki,
Baba

Dumaguete, 1 ga Disamba

Minda 'yata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin fara haɗa kaya. Kafin Pilar ta ba ki nata labarin, ga nawa.

Ta hango mu a titi, ta ga madauri a hancin kare, ta yanke cewa takunkumi ne. Kafin la'asar unguwa duk ta ji wai Sanata ya fara cizo. Mata suna janye 'ya'yansu in mun taho. Ranar Asabar da safe sai ga Rustico da motarsa, da sarƙa a hannu.

"Yaya, kada mu yi rigima," in ji shi. "In ba ya cizo, me ya sa ka ɗaure masa baki?"

Na ce, "Kai da ka tsufa a gona, ba ka san bambancin ragama da takunkumi ba? Miƙo masa burodin da ke aljihunka."

Ya miƙa a tsorace. Sanata ya hangame baki ya haɗiye, ya lashe masa yatsu, ya yi hamma. Pilar daga bayan shinge ta ce ai dama ita ba ta ce ya ciji kowa ba.

Amma Rustico bai ajiye sarƙar ba. Ya ce cizo daban, kayarwa daban, kuma ya yi miki alkawari. Sai na ce mu je kasuwar kifi mu dawo, in ko gwiwata ta taɓa ƙasa, ni da kaina zan ɗora shi a motar.

Muka tafi, yana biye da mu yana zolaya, wai tsoho yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Igiya a sake, kare a gefena. Daidai rumfar masu kifi, inda ƙasa take jiƙe da santsi, wata kyanwa ta diro daga tebur ta gifta ta gabanmu. Sanata ya zabura. Ban fizga ba, na kafa ƙafafuna kawai na riƙe. Kansa ya juyo, jikinsa ya biyo, sai ga shi yana kallona, kyanwa tana bayansa. Na ce ya zauna. Ya zauna.

 Da muka dawo Rustico ya sha kofi, ya jefa sarƙar a bayan mota, ya tambaye ni ko irin wannan ragamar za ta yi wa karnukansa. Na ce sai ya fara kwance su tukuna.

Saboda haka maganar gona ta ƙare, kuma ba na so a sake tayar da ita.  

Allah ya kawo ki lafiya. Ki sanar da ni ranar saukarki, mu biyu za mu tarye ki a bakin titi.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Anacleto Villaflores