Ranar da Wakari Ya Ce wa Likita Lafiya Lau

Yelimane, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Jabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen ɗakinku a Montreuil, can Faransa. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mu nan sai godiya. Inna tana ta cin goronta, 'yata Sira kuma ta yaye yaronta.

Albishirinka: kuɗin nakasar Wakari zai ci gaba da zuwa daga Faransa, ko da yake ya dawo gida. Ka san sharaɗinsu, sai likitan da suka yarda da shi a Bamako ya duba shi. In ya rubuta cewa ciwon bayan Wakari ya warke, a yanke kuɗin, mijina ya koma cikin sanyin nan yana bin ofisoshi, ni da na yi shekara ashirin da shida ina jiransa.

To, ka dai san mijin yayarka. Ya zuba babbar rigar shadda, ya bar sandarsa a mota, ya shiga a miƙe kamar ba shi ƙarfe ya faɗo wa a wurin gini ba. Likita ya tambayi jiki, ya ce lafiya lau. Ya tambayi barci, ya ce alhamdu lillahi. Wai dattijo ba ya kai kuka wurin sa'an ɗansa. Ina ganin alƙalami yana gudu a takarda, na gane warkewa yake rubutawa. Na ajiye kunya gefe, na ce likita ya tambaye shi wa ke sa masa takalmi da safe, kuma shekara nawa yana salla a zaune. Wakari ya harare ni, ya ce tsohuwar nan ta tona masa asiri. Na yar da makulli ƙasa, na ce ya ɗauko in ya isa. Bai iya ba. Likita ya yage takardar farko.

Har muka kai garin Kayes a hanyar gida yana ta mita, ni kuwa ko a jikina. Ran Litinin amsa ta zo. Jabe, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Abin da ya rage, duk shekara a aika shaidar yana raye. Wannan ba wuya, kowa a unguwa yana jin mitarsa.

Ka gaishe min da Kawu Silman, da Gundo da matarsa Nyuma. Gadon nan da kuke ajiye wa Wakari a ɗakinku, ku ba wani ya kwana. Na riƙe abina.

Yayarka,
Manda