Inci Uku Saboda Loretta

Harlan Creek, Indiana
28 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Darlene,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Floyd. Yaya gwiwar tasa? Yaya zafin Arizona? Ni dai da sauƙi, kuma ina cin abinci kamar yadda kika yi mini faɗa.

Kin ce in riƙa rubuto miki, tunda a waya kuka ke hana ni ƙarasa magana. To ga shi.

Yaya, ciyawa ta taso. Ke da tsakuwa ce shimfiɗe a ƙofar gidanki, kin manta halinta. An yi ruwa kwana uku, na leƙa taga na ga filin nan kore shar, kamar ba a gaya masa Wendell ya rasu ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa yanke ta ba. Kin san tsarin gidanmu: ciki nawa, waje nasa. Duk Asabar da hantsi zai fita da injinsa na yankan ciyawa, ya bar wa filin layi-layi miƙaƙƙu kamar an ja da zare, sannan ya tsaya bakin titi da hannu a ƙugu yana jiran wani ya wuce ya yaba.

Ranar Talata na shiga rumfar kayan aikinsa na jawo tsohon injin. Na ja igiyar tayarwa ya fi sau ashirin. Ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru, kafaɗata ta dama mai tsohon ciwon nan kuwa har yau ba ta ɗaguwa sosai. Ko da ya tashi ma, tura shi ake yi da ƙarfin ƙirji, filin kuma ya fi rabin eka, ga gangaren nan na baya.

Hukumar gari ta aiko mini takarda cewa ciyawata ta wuce inci takwas. Kunya kamar in nutse. Maƙwabcinmu Delbert ya yanke mini ta gaba, amma tsoho ne mai ciwon zuciya, ba zan bari ya sake ba. Da Curtis ya ji, sai ya ce, "Mama, kin gani ko? Gidan nan ya fi ƙarfinki. Ga ɗaki mun gyara miki a birni." Ɗana ne, don tausayi ya faɗa, na sani. Zai zo Litinin ta ƙarshen Mayu mu kai furanni kabarin babansa, kuma ya ce in ya tarar da filin haka, washegari zai kira dillalin gidaje. Na amsa masa da to, don ba ni da hujja.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina jin haushin Wendell, Yaya. A watan Satumba likita ya gaya mana gaskiya. Na ɗauka sauran kwanakin da yake da ƙarfi zai zauna kusa da ni. Ina! Shebur ya ɗauka. Ya cire ƙofar shingen baya wadda babansa ya yi da hannunsa, ya kafa wata. Ya tone kututturen tsohuwar bishiyar nan, ya matsar da furannina ba shawara, ya yi ta haƙa yana cikewa har sanyi ya shigo. Wata rana na tsaya a bakin ƙofa na ce masa, "Kai da aka ce ka huta, ƙasa kake tonawa? Ai ka kusa ƙoshi da ita." Wallahi haka na ce. Ya dube ni ya yi 'yar dariya, ya ce, "Miƙo mini ruwa, Retta." Maganar nan ita ce ke hana ni leƙa filin baya tun da aka binne shi.

Ki gaida Floyd. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Loretta

6 ga Mayu

Yaya Darlene,

Bayan gaisuwa, na samu takardarki, na kuma gode. Na ji daɗi da kika ce gwiwar Floyd ta lafa. Kin ce in bar taurin kai in bi Curtis. Wataƙila ke ce da gaskiya, amma ki ji inda na je jiya.

Na je shagon Orval. Kin tuna shi, wanda ya yi wa Wendell abokin ango, mai sayar da injunan gona da na gida. Yanzu duk kansa ya yi fari. Da ya gan ni sai ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Matar Wendell, ɓatan hanya kika yi? Shagon zare yana gaba." Na ce, "Orval, kai da ba ka iya rawa ba a bikina, rufe mini baki ka nuna mini injin da tsohuwa za ta iya."

Ya fara nuna mini wanda ake hawa a zauna kamar ƙaramar tarakta. Ya ce kada in ko kalle shi, gangarenmu zai kifar da ni. Ya nuna mini ƙanana irin na Wendell, masu faɗin inci ashirin da ɗaya, ya ce da su zan yi awa biyu ina kai-komo a rana. Sannan ya kai ni gaban wani ja, faffaɗa, mai wuƙa biyu a ƙarƙashi, yana cin inci talatin a tafiya ɗaya. Da fetur yake aiki, amma ba a jan igiya, maɓalli ake dannawa. Na ce wannan ƙaton ai sai ƙarti. Ya ce, "Ba ke za ki tura shi ba, shi zai ja ki."

Ya fitar da shi filin bayan shago ya ce in gwada. Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na danna abin nan da ɗan yatsa ɗaya, ya tashi da ruri har cikin ƙashina. Na ɗora hannu a mariƙinsa na ɗaga ƙafa, sai ya tafi. Na rage sauri, ya rage. Na tsaya, ya tsaya yana jirana, kamar dokin da ya san mai shi. Na waiwaya na ga hanya faffaɗa a bayana, tas, ga ƙamshin ɗanyar ciyawa. Wannan ƙamshin shi ne ƙamshin rigar Wendell duk Asabar. Na tsaya ina hawaye, ina mamakin wanda Allah ya ba basirar ƙera abin da zai bi takun mace mai shekara sittin da shida. Orval ya juya baya ya yi kamar yana duba tayar wata mota.

Na ce na ɗauka. Sai ya ce a'a, ba ya sayar da irin wannan sai an yi awo. Ya ce mutane da yawa faɗin ke ruɗarsu, su kai gida su tarar ya ƙi shiga ƙofar shinge, su dawo suna zaginsa. Wuƙaƙen inci talatin ne, amma jikin injin gaba ɗaya talatin da uku ne. Nan take na tuna tsohuwar ƙofarmu ko baro sai an karkata yake wucewa, ga lungu tsakanin rumfa da shinge, ga itatuwan tuffa a matse. Rabin filin a baya yake. In bai shiga ba, magana ta ƙare.

Ya ba ni tef ɗin awo, ya rubuta mini wurare biyar da zan auna. Ke nan dole in shiga filin baya. Yau na kasa. Gobe in Allah ya yarda.

Taki,
Loretta

8 ga Mayu

Yayata,

Ina gaisuwa.

Jiya da safe na auna. Sabuwar ƙofar shinge: inci talatin da shida. Na ce Allah na gode, na yi sa'a. Na je lungun rumfa: talatin da shida. Ashe shingen ya matsar. Tsakanin itacen tuffa da furannina da na yi ta masifa a kansu: talatin da shida. Ƙofar rumfa ma haka, kuma dakalin da ke bakinta babu shi, ya mayar da shi gangare mai laushi na katako. Inda kututturen nan yake a da, ƙasa ta kwanta sumul. Duk kusurwoyin lambun da suke da kaifi ya zagaye su, yadda abu mai faɗi zai juya ba sai an ɗaga shi ba. Na zauna daɓas cikin ciyawa mai raɓa. A jikin ginshiƙin ƙofa, can ƙasa, na ga rubutun fensirinsa: 33 da 3.

Ko riga ban canza ba na koma wurin Orval. Na ajiye masa tef ɗinsa na ce, "Faɗa mini." Ya cire hula. Ya ce sati ɗaya bayan maganar likita Wendell ya zo shagon da ma'auninsa. Ya yi yini yana tura injuna ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu kawai, wai yana kwaikwayon kafaɗata. Ya zaɓi jan nan, ya auna shi ta ko'ina. Orval ya ce masa ya saya mana ya ajiye mini. Wendell ya ce a'a. Ya ce, "In ta buɗe rumfa ta gan shi, za ta zauna a gidan don ni, ko ba ta so. In tana son komawa wurin Curtis, ta tafi da zuciya sake. Amma in ta tako shagon nan da ƙafarta, to a tarar filin ya shirya." Ya sa Orval ya rantse ba zai ce uffan ba sai na yi awo da hannuna.

Na ce to ukun fa na mene ne? Orval ya yi dariya yana share ido. Wai Wendell ya ce, "Ƙara inci uku saboda Retta. Shekara arba'in ba ta taɓa ajiye mota daidai ba."

Yaya, mutumin da na ce ya kusa ƙoshi da ƙasa ke nan. Ina tsaye ina harararsa ta taga, shi kuma yana auna mini hanya. Ban san ana iya son mutum da shebur ba. Na ɗauka na san shi ciki da waje, ashe wajen ban sani ba.

Za a kawo injin ranar Juma'a.

Loretta

27 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Darlene,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Floyd. Na ga takardarki, har da inda hawayenki ya ɓata tawada. Kada ki damu, na karanta duka.

Na yanke ta sau uku yanzu. Karon farko ciyawar ta yi tsayi sosai, sai da na ɗaga wuƙaƙen sama kamar yadda Orval ya koya mini, na sake bi bayan kwana biyu. Minti hamsin nake yi, gaba da baya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne filin da kansa yake nuna mini inda zan bi. In na fito rumfa, gangaren katako ya miƙa ni lungu, lungu ya miƙa ni gindin tuffa, na zagaye furanni na fito ƙofa, ba inda nake ja da baya. Kamar yana gabana yana cewa nan, Retta, sai nan. Layukana dai ba irin nasa ba ne. Delbert ya leƙo ta shinge ya ce, "Loretta, maciji kike bi?" Na ce ya je ya sha maganinsa.

Jiya Curtis ya zo da furanni. Ya fito mota ya tsaya yana kallon filin. Ya ce, "Mama, wa kika ɗauka aiki?" Na kama hannunsa na kai shi baya, na ba shi tef, na ce ya auna. Ya auna ƙofa, ya auna lungu, ya durƙusa ya karanta rubutun babansa. Na gaya masa abin da Orval ya ce. Ƙaton mutum mai 'ya'ya biyu ya dafa ginshiƙi yana kuka kamar ranar da ya faɗo daga itacen tuffar nan. Da ya natsu sai ya ce, "To in sanyi ya zo fa, wa zai kwashe miki ƙanƙara?" Na ce in sanyi ya zo ma yi wannan faɗan. Bai sake ambatar dillali ba. Kafin ya tafi ma sai da ya roƙa in bar shi ya ɗana injin, na ce ya bari, kada ya taɓa mini saiti.

A maƙabarta na ce Curtis ya jira ni a mota. Na gaya wa Wendell na janye maganar nan ta ƙasa, ya yafe mini. Na gaya masa ina nan a gida. Sannan na faɗa masa gaskiya, don ban saba ɓoye masa abu ba: ranar farko da na shigo da injin ta sabuwar ƙofar, na kwashe wa ginshiƙin dama fenti, tsawon tafin hannu. Na ce masa, "Wendell, da huɗu ka ƙara."

Ba zan shafe wurin ba.

Ki gaida Floyd. Ɗakin baƙi na nan in zafi ya kore ku, ki zo ki ga layukana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Loretta